Akwatin da ke ƙarƙashin gadon Baba: yadda na bi sawun takardun gidanmu

Wata huɗu bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, muka shiga ɗakinsa ni da ƙanwata don mu kwashe kaya. Can ƙarƙashin gado, a lungun da tsintsiya ba ta kaiwa, muka jawo wani akwatin ƙarfe da tsatsa ta fara cin gindinsa. Tun muna yara mun san akwatin, mun kuma san ba a taɓa shi, amma ba wanda ya taɓa ganin cikinsa. Makulli ya daɗe da ɓata, sai ɓalle kwaɗon muka yi. Warin danshi da na tsohuwar fata ne ya fara tarbar mu. A sama akwai wata gafaka da ta bushe ta ƙandare, cike da takardu warwara na Larabci da ajami. Ƙarƙashinta wani ɗan littafi mai bangon kwali na sallama daga aikin soja, da lambobin yabo uku ƙunshe a tsumma, da damin rasidan haraji da aka soke da allura, da takardar cinikin gona, da hoto ɗaya na maza uku a tsaye cikin kaki. Kayan kakanmu ne, mahaifin Baba, wanda ya rasu kafin a haife ni, kuma sunansa aka sa mini. Shekara biyu na yi ina bin sawun takardun nan. Da na san tun farko abin da na sani yanzu, da ban kai rabin haka ba, kuma da ban lalata abin da na lalata ba. Shi ya sa na zauna rubuta yadda abin ya kasance daki-daki.

Ɓarnar farko a daren nan na yi ta. Zumuɗi ya ɗebe ni, na zazzage komai a ƙasa na shiga warewa, ajami gefe, boko gefe, manya gefe, ƙanana gefe. Sai daga baya na gane cewa yadda mai kaya ya jera kayansa shi ma bayani ne. Wasiƙar da aka naɗe cikin wata wasiƙar, wataƙila amsarta ce. Rasidin da aka soka a tsakiyar littafi, akwai abin da ya kai shi wurin. Takardun gafakar ba su da lambar shafi, da na hautsina su sai da aka sha wuya kafin a gane wace ke bin wace. Washegari na ƙara da ta biyu. Na ga wata wasiƙa ta tsage daidai layin naɗi, na kama ta da salatif, sannan na ɗauki takardar gonar, wadda na ga ta fi kowace muhimmanci, na kai aka liƙe ta cikin leda da injin zafi. A zatona adanawa nake yi. Ashe gam ɗin salatif yakan ratsa jikin takarda ya bar tabo ruwan ƙasa wanda ba ya fita, ledar nan kuwa in ta kama, ta kama ke nan, ba a ɓare ta sai ta taho da rubutu. Har yau in na kalli takardar gonar nan raina yana ɓaci. Abin da ya kamata in yi a daren bai wuce in ɗauki waya in yi hoton akwatin a buɗe, in riƙa ɗaga takarda ɗaya-ɗaya ina hoton gaba da baya, ina ba kowace lamba a wani littafi daban, in mayar da ita inda na same ta.

Kafin in je ko'ina sai da magana ta tashi a gida. Labari ya kai wa Baffa, ƙanin mahaifinmu, cewa an sami takardar gona kuma tana hannuna. Ya aiko aka kira ni. Bayan mun gaisa ya ce, “Ɗana, me kake nema a cikin takardun nan?” Na ce, “Baffa, tarihi kawai.” Ya yi shiru jim kaɗan, ya ce shi dai abin da ya sani, in aka tono tsohuwar takarda, rigimar gado ce ke biyo baya. Ban ga laifinsa ba. Na koma na yi hoton komai, har da rasidan da nake ganin ba su da amfani, na buga, na kai wa kowane babba a gidan kwafinsa, na kuma shaida musu cewa takardun na kowa ne, ni mai ajiya ne kawai. Daga ranar hankalin kowa ya kwanta. Baffan ma shi ya nuna mini malamin da ya karanta mana ajamin.

Ina karanta Larabci daidai gwargwado, don haka na ɗauka rubutun ba zai gagare ni ba. Ya gagare ni. Rubutun hannu ne irin na Magrib, wanda harafin fa ke da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Wanda ya saba da bugun gabas, inda fa ke da ɗaya a sama, ƙaf biyu, duk ƙaf ɗin da ya gani fa zai karanta. Ga kuma ɗigon imala da ke ba da sautin “e”, wanda nake ta ɗauka tawada ce ta ɗiga. Zuwana na farko wurin Malam na tarar da shi da ɗalibai, na jira har yamma, da ya dubi takardun ya ce in dawo da safe, idonsa ba ya ganin tsohuwar tawada in rana ta yi sanyi. Zama biyar muka yi. Shi yana karantawa, ni ina rubutawa da boko, waya kuma tana naɗar muryarsa bayan na nemi izninsa. Inda bai tabbatar ba sai ya ce, “Bar gurbi nan, kada ka cike da zato.” Shi ya mayar da takardun gafakar kan tsarinsu, ta hanyar kalmar nan guda da marubuta ke sawa a ƙasan bayan kowace takarda, wadda ita ce farkon takarda ta gaba. Ana cikin haka ya ɗaga guda ya kara ta da hasken ƙofa ya ce in zo in gani. A cikin jikin takardar, inda ba tawada, sai ga jinjirin wata uku a jere, babba da matsakaici da ƙarami. Irin takardar Italiya ce da fatake suka daɗe suna ƙetaro Sahara da ita ta Masar da Tarabulus. Ya ce, “Wannan littafi ya girmi kakanka. Na ubansa ne.” A bayan takarda ta ƙarshe kuwa akwai jerin haihuwa da hannu biyu daban. Hannu na biyu ya rubuta Gwaggo da Baba da Baffa. Hannu na farko ya rubuta kakanmu, ƙarƙashinsa kuma wani ɗa namiji da ban taɓa jin sunansa a gidanmu ba. Na ce, “Allah gafarta Malam, a sake karanta mini layin nan.” Ya sake. Cikin wasiƙun kuma akwai wadda kakanmu ya aiko wa mahaifinsa daga fagen yaƙi, yana cewa tun da aka raba su da ƙaninsa bayan saukarsu daga jirgin ruwa bai sake sa shi a ido ba. Daga wannan zama abin da nake nema ya canza. Na bar tambayar ko wane ne kakana, na koma tambayar ina ƙaninsa ya shiga.

Duk ranakun da ke jerin haihuwar da lissafin Hijira aka rubuta su, kuma nan mutane da yawa ke rikicewa. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, don haka ba a ɗaukar 622 kawai a ƙara. Hanya mai sauƙi ita ce a ninka shekarar da 0.97 sannan a ƙara 622. An rubuta ɗan nan da ya ɓata a 1341, wato tsakanin 1922 da 1923. Gwaggo kuwa Rajab na 1358, wanda ya kama daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Satumba na 1939, daidai lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Katin shaidarta 1945 ya ce, domin da aka zo yi mata shi kintatawa aka yi. Akwai manhajojin juya kwanan wata a intanet, amma sukan saɓa da ganin wata da kwana ɗaya ko biyu. In marubuci ya ambaci sunan rana, Litinin ko Juma'a, ita ake bi a daidaita.

Daga nan na shiga zagayen ofisoshi, kuma a nan na fi asarar lokaci. Na fara da ofishin rajistar haihuwa da mutuwa. Ranar farko mai kula da kundaye ba ya nan. Ranar ta biyu na zauna a kan benci tun safe har bayan azahar, da aka kira ni bai ɗauki minti biyu ba ya gaya mini cewa kundinsu mafi tsufa bai kai shekarun da nake nema ba, ko kusa. Sai na nufi kotu, saboda takardar gonar tana ɗauke da hatimin alƙali. Aka ce in rubuto takardar neman bincike, na rubuta, na biya kuɗin bincike aka ba ni rasit, aka ce in dawo mako mai zuwa. Sau uku ina dawowa. A zuwa na ukun wani dattijon masinja da ya saba ganina a kan benci ya tambaye ni me ke kawo ni. Da na gaya masa ya ce, “Ai Malam, waɗannan tsofaffin kundaye tun ina saurayi aka kwashe su aka kai ma'ajiyar tarihi.” Kusan wata biyu na kashe a kan abin da tambaya biyu za su warware tun a bakin ƙofa: daga wace shekara takardunku suka fara, kuma waɗanda suka girme su ina aka kai su?

Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa tana wani gari mai nisa da inda nake, sai da na ɗauki hutu. Zuwan farko aka mayar da ni, don ban zo da wasiƙar da ke bayyana ko ni wane ne da dalilin binciken ba. Na fita na rubuta, na haɗa da katin shaida da ƙananan hotuna, na cike fom, na biya kuɗin katin mai karatu. Jaka a waje ake barinta, biro ma ba ya shiga, fensir kawai. Da na isa gaban ma'aikaciyar ɗakin karatu sai na ce mata fayil ɗin kakana nake nema, na faɗi sunansa. Ta dube ni da tausasawa ta ce, “Malam, nan ba da sunan mutane ake ajiya ba, da sunan ofisoshi ne. Ka yi tunani, wane ofishi ne ya taɓa samun dalilin rubuta sunansa?” Wannan tambaya ita ce mabuɗin duk aikin. Hukuma ba ta rubuta sunan talaka sai in ya biya haraji, ko ya je gaban alƙali, ko ya shiga soja, ko ya karɓi albashi ko fansho, ko ya shiga makaranta, ko ya nemi takardar tafiya. Ta miƙo mini littattafan jerin fayiloli, kowanne na sashe guda, na wuni biyu ina bin su layi-layi kafin in nemi ko fayil ɗaya. Ana rubuta lambar fayil a 'yar takarda a miƙa, ba a ba da fiye da uku a lokaci guda, kuma tsakanin miƙawa da kawowa akan yi awa ɗaya ko biyu. Wasu sukan dawo da amsar cewa ba a gan su a mazauninsu ba. Wani kundin da aka kawo mini gara ta ci kusurwarsa, in ka juya shafi sai gari ya zubo maka a cinya, na riƙa juyawa da hannu biyu ina riƙe numfashi. Kwana tara na yi a tafiya biyu. Kuɗin ofis bai taka kara ya karya ba, abin da ya ci aljihu shi ne mota da masauki da kuɗin hoton kowane shafi. Wani kuskuren da na yi a tafiyar farko shi ne ɗaukar hotuna ba tare da bangon fayil ba, na dawo gida da shafuka fiye da ɗari ban san daga ina kowanne ya fito ba. A ta biyu sai na riƙa fara hoton bango da lambarsa kafin in buɗe.

A rana ta bakwai na ga cinikin gonar a kundin alƙali, da ranar da ta yi daidai da ta takardarmu. Labarin da muka taso da shi a gida shi ne ƙwace gonar aka yi. Kundin ya nuna mahaifin kakanmu ne da kansa ya sayar, a gaban shaidu, don ya biya bashi. Na daɗe zaune da shafin a gabana. Akwai zuriyar da muka yi shekaru muna yi wa kallon azzalumai a kan abin da ba su aikata ba. Ban sa wannan a zauren dangi na waya ba. Na je na sami Baffa shi kaɗai na nuna masa, ya karanta sau biyu, ya ce in bar masa, shi zai san yadda zai gaya wa sauran. Game da ƙanin kakanmu kuwa ban sami komai ba sai rahotannin ɗaukar soja, masu faɗin mutum nawa aka ɗauka a kowace gunduma, babu suna ko ɗaya.

Ita ma'aikaciyar ce ta ce in gwada ofishin tsofaffin sojoji. A can wani dattijo ya karɓi lambobin yabon ya juya su a tafin hannunsa, ya ware guda, tauraro na tagulla mai tsini shida, zarensa ja a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe. Ya ce wannan na yaƙin Bama ne, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar. Runduna biyu ta sojojin Afirka ta Yamma suka yi wannan yaƙi da Japan a ƙarƙashin Ingila, ta 81 wadda ta shiga kwarin Kaladan a 1944, da ta 82 wadda ta biyo ta yankin Arakan, kuma su biyun suka haɗu wajen karɓe Myohaung a Janairun 1945. Sannan ya buɗe littafin sallamar ya ɗora yatsa a kan lambar da ke saman shafi ya ce, “Ranka ya daɗe, soja lambarsa ce sunansa.” Magatakardan wancan zamani da kunne suke rubuta suna. Muhammadu yakan koma Momodu ko Mamadu, Usman ya koma Osumanu, mai suna Abubakar a rubuta shi Garba ko Bukar, kuma maimakon sunan uba sau da yawa sunan gari ko na ƙabila ake liƙa wa mutum. Lambar kakana tana hannuna, amma ta ƙaninsa nake buƙata. Na koma intanet. Hukumar CWGC, mai kula da kaburburan sojojin ƙasashe renon Ingila tun 1917, tana da shafin bincike kyauta mai ɗauke da sunayen mamata kimanin miliyan 1.7 na yaƙin duniya biyun. Na zuba sunan ta kowace siga da zan iya tunani, dare bayan dare. Na buɗe rajista a FamilySearch, wanda shi ma kyauta ne kuma ya taimaka mini wajen zana salsalar gidan. Amma mutumin da nake nema bai fito ba.

Duk tsawon wannan lokaci Gwaggo tana nan da ranta, tafiyar awa biyu daga gidana, kuma ban je na zauna da ita ba. Gaisuwa nake zuwa in tashi. A raina na yanke cewa ta tsufa, magana tana kuɓuce mata, kuma abin da ke rubuce ya fi abin da ke baki. Ƙanwata ce ta ce, “Yaya, ka zaga duniya ka bar wadda ta gan su da idonta. Da tsohuwar zuma ake magani.” Ranar farko na je da littafi da jerin tambayoyi, ina yi tana amsawa da “haka ne” da “Allah masani”. Na kwana. Da safe na ajiye littafin, na sa mata hoton nan na maza uku a hannu, na yi shiru. Ta kawo shi dab da fuskarta, ta karkata shi wajen haske, babban yatsanta yana shafar gefen kwalin a hankali. Can ta ce, “Mai sunan Baba, ina ka samo wannan?” Ta nuna na tsakiya ta ce babanta ne, wato kakanmu. Ta nuna na hagu, siriri mai hula a karkace, ta ce, “Wannan Baba Ƙarami ne,” sai muryarta ta sarƙe. Na bar ta har ta nitsa. Ta ce gudu ya yi ya bi yayansa ba da yardar mahaifinsu ba, don kada a gano shi a dawo da shi sai ya tafi wani gari ya shiga a can, ya ba da laƙabinsa a matsayin suna, aka haɗa masa da sunan wancan garin. Ta ce tana 'yar shekara shida ko bakwai aka kawo takarda gidan, ta tuna kakarta ta faɗi zaune a tsakar gida, tsohon kuma daga ranar bai sake ambaton sunan ɗan ba har ya koma ga Allah, kowa ma ya kama bakinsa don kada a fama masa ciwo. Baba da Baffa bayan haka aka haife su, a cikin wannan shirun suka tashi. Sai ta kira jikarta ta ce ta ɗauko mata wani gwangwani a ƙasan kayanta. A ciki, naɗe a ƙyalle, ga wani kati da ya yi laushi kamar auduga, rubutun keken rubutu ya dushe amma lambar tana karantuwa. Kakarta ce ta ba ta kafin ta rasu. Na ce, “Gwaggo, duk shekarun nan wannan yana wurinki?” Ta ce, “Ba wanda ya tambaye ni.”

A nan ɗakinta na buɗe shafin CWGC a waya, na bar gurbin suna fanko, na sa lambar kaɗai. Sakamako ɗaya ya fito. An rubuta sunan ta yadda ko shekara goma zan yi ina gwadawa ba zan faɗo kansa ba. Ga muƙaminsa na ƙaramin soja, ga rundunarsa, ga ranar rasuwarsa a farkon 1945, yana da shekara 21 ko 22 ke nan a lissafin littafin mahaifinsa. Ba shi da sanannen kabari. Sunansa yana jikin ginin tunawa na Rangun, a maƙabartar Taukkyan da ke arewa da birnin Yangon, tare da sunayen kusan mutum 27,000 da suka mutu a yaƙin Bama ba a san makwancinsu ba. Na karanta wa Gwaggo. Ta ce in sake faɗin ranar, na faɗa, ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a da sunansa na yanka, wanda ina jin an fi shekara saba'in ba a furta shi da ƙarfi a gidanmu ba. Wanda ya nemi nasa bai gani ba kada ya yanke cewa labarin gidansu ƙarya ne. Hukumar da kanta ta fitar da rahoto a 2021 cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ba ko kuma ba a yi musu abin tunawa ba sam.

Mataki na ƙarshe a Ingila aka yi mini shi. A ma'ajiyar tarihin ƙasar da ke Kew, a Landan, akwai kundayen da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum, na yankin Kudu maso Gabashin Asiya suna ƙarƙashin lamba WO 172. Ana iya biya a turo kwafi, amma ɗan wani abokina da ke karatu a can ya yi katin mai karatu, ya je ya ɗauko mini hoton watan da nake so da wayarsa. Kundin yakan ambaci hafsoshi da sunansu, sojojin Afirka kuwa galibi adadi ne. A ranar da CWGC ta faɗa, an rubuta cewa an yi arangama a bakin wani rafi, an faɗi yawan waɗanda aka rasa, ba suna. Zuciyata ta ce yana cikinsu. A littafina dai “mai yiwuwa” na rubuta, don na tuna maganar Malam a kan cike gurbi.

Da zan sake daga farko, ofis ne zai zo ƙarshe. Kundin alƙalin nan ya yi shekara saba'in da wani abu yana jira, zai iya ƙara goma, Gwaggo kuwa ta haura tamanin, kuma na yi wasa da shekara ɗaya da rabi na rayuwarta ina zaman benci. Zan fara da mafi tsufa a dangi, musamman mata, don su ne ke riƙe da wa ya auri wa, wa ya shayar da wa, wane suna ne na yanka wane ne laƙabi. Zan je da abu a hannu, hoto ko lamba ko wasiƙa, in rage tambaya, in naɗi murya in sun yarda. Ban kuma ce baki ya fi takarda ba: a kan gonar baki ne ya kauce takarda ta gyara, a kan Baba Ƙarami takarda ce ta ɓoye shi baki ya tono. Don haka kowane bayani da na shigar a littafina ina sa masa alama, ko daga takarda ne da lambarta, ko daga bakin wane ne da ranar da ya faɗa, ko zatona ne. Takardun kansu yanzu na cire musu allurai da duk wani ƙarfe mai tsatsa, na shimfiɗa su ba naɗi, kowace a cikin farar takarda marar asid, a akwatin kwali a saman kabad, nesa da ƙasa da bangon da ke tsatsafo da ruwa da hasken rana. Na wuce da su ta sikana a kan ƙarfin ɗigo 300 a kowane inci, hoton kuma 600, na ajiye kwafi a kwamfuta, da intanet, da wurin ƙanwata. In za a nuna wa baƙo, kwafi ake fitowa da shi.

Saura mutum na uku a hoton, na hannun dama, mai tsage a kumatu. Gwaggo ta ce ta san fuskar, yakan zo wurin kakanmu bayan an dawo daga yaƙi su zauna a ƙofar gida ba mai cewa uffan, amma sunan ya kwanta mata. Ta ce yana da 'ya sa'arta, kuma ta ji an ce tana raye a wurin ɗanta. Baffa ya samo lambar wayar ɗan. Na buga hoton da girma yadda tsohon ido zai gani, ranar Asabar za mu je, ni da Gwaggo, don ta ce ƙafarta ƙafata.